Mun Kai Habibu Wankin Hanji

Tun da na dawo daga Nijar ƙafa ba ta ɗauke a gidana ba. Matan unguwarmu Limawa da ba su leƙo ni ba lokacin da na yi jinyar gwiwa, yanzu kowacce ta tuna tana da hanya ta lungunmu. A zo a gaishe ni, a sha ruwa, a yi ta kewaye-kewaye, can sai a sauke murya a ce, "To Hajiya Uwani, ya aka ƙare da yaron? An ce an ciro masa abin." Wasu tausayi ne ya kawo su, wasu suna da nasu a gida suna ɓoyewa, mafi yawa kuwa tsegumi ne tsagwaronsa. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda tafiyar ta kasance, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in huta.

Habibu ɗan yayana ne, Alhaji Mamman na Aujara. Ba yaro ba ne kamar yadda ake faɗa, magidanci ne mai mata da 'ya'ya, kuma kafin wannan abu babu majiyin ƙarfi irinsa a unguwarsu. Da damina ya yi noma, da rani ya buga bulo. A wajen bugun bulon nan aka fara miƙa masa tiramol, wai maganin gajiya ne. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama kati guda. Ya rame, idanunsa suka faɗa, cikinsa ya bushe har ya kan yi kwanaki bai kewaya ba. Ya sha zuwa gidana ya zauna a bakin madafi ya ce, "Gwaggo, wallahi ina so in daina, jikin ne ba ya yarda." Abin da ya fitar da ni daga Dutse ke nan. Ina so yaron nan ya fita daga ƙwaya da ransa.

Abin da ya fitar da Yaya kuma daban ne. Yaya mutum ne da idan likita ya zaunar da shi ya yi masa bayani, sai ya ce zai je ya yi shawara. Amma idan murya ta fito daga waya da amsa-kuwwa, to magana ta ƙare. Wani ne ya turo masa saƙon murya na wani mai magani a ƙetaren iyaka, wai shi Dakta Mai-Hanji. Ya zo har Limawa ya kunna mini. Mutumin yana cewa Turawa sun gano shaye-shaye ba a kai yake ba, a hanji yake. Wai akwai wasu ƙananan halittu a ciki, su suke aika saƙo sama su kumbura ƙwaƙwalwa, mutum ya dinga neman ƙwaya. Idan aka wanke su tas, an gama.

Na ce, "Yaya, ga asibiti nan a hancinmu. Me zai hana mu fara da shi?"

Ya ce, "Ke Uwani, ba ki da tunani. A rubuta sunansa gari ya ɗauka? Kuma su 'yan asibiti sun taɓa nuna miki abin da suka cire? Wannan a gabanki zai fito, ki gan shi da idonki."

A nan gizo yake saƙar, kamar yadda na gane daga baya, domin mu mutane ne da ba ma yarda cuta ta fita sai mun gan ta. Jinin ƙaho a ƙasa, beli a tafin wanzami, tsutsa a kasko. Idan babu abin da za a nuna wa dangi, to ba a yi magani ba. Ni kuwa ba don shawarata aka tafi da ni ba. Na yi shekaru ina dafa wa ɗalibai abinci a makarantar kwana kafin in yi ritaya, Yaya kuma ba ya cin girkin baƙon hannu. Da tukunyata da ƙullin kuka da daddawa na tafi.

Na kwana a Aujara, da sassafe muka kama hanya. Yaya ya riga ya ƙwace ƙwayoyin Habibu tun jiya ya watsa a masai, yana ta alfahari da haka kamar ya ci yaƙi. Kafin mu kai Gujungu yaron ya fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci yana zuba, gumi yana karyo masa alhali yana rawar sanyi. Wani fasinja mai kai tumaki kasuwa ya ce iska ce, ya fara tofa masa addu'a a ƙeya. Wata tsohuwa ta ce shawara ce, ta ciro sassaƙe daga ɗan tofinta. A Gumel wani mai tallan magani da lasifika ya leƙo ta taga ya ce basir ne. Mota guda, likitoci sun fi marasa lafiya yawa, ba wanda ya tambayi Habibu da kansa me yake ji.

Mun faɗa Maigatari ranar kasuwa, ga shanu ga raƙuma ga mutane, mota sai rarrafe take yi. A bakin iyaka Yaya ya gyara hula. Tun daga gida yake bitar wata gaisuwar Faransanci da wani ya koya masa, da muka isa gaban jandarma ya sake ta da ƙarfi. Jandarman ya dube shi ya ce, "Alhaji, ina wuni, ya hanya?" da Hausar da ta fi ta Yaya fita. Ya duba takardunmu, ya dubi Habibu da ke jingine da bango yana kakkarwa, ya tambayi abin da ke damunsa.

Yaya ya ce, "Ɗan zazzaɓi ne."

Jandarman ya ce, "Gidan mai wankin ciki za ku ke nan. Ba ku ne na farko ba yau. Kullum muna ganin masu zuwa, kuma su ɗin dai muke sake gani."

Yaya ya ɗauki wannan a matsayin yabo. Da muka wuce ya ce mini, "Kin ji ko? Har hukuma ta san shi."

Daga can muka hau wata tsohuwar a-kori-kura da aka loda wa buhuna da awaki, mu a saman buhunan. Hanyar rairayi ce, motar ta kafe ba sau ɗaya ba, maza su sauka su tura, mu mata mu riƙe awaki. Habibu da a da shi kaɗai zai iya ɗaga bayan motar nan, yana gefe a durƙushe yana amai. Na ji tausayinsa har na kasa dubansa.

Mutanen can dai 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, sallah ɗaya, sai 'yan abubuwa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa yana yankan dasashi, a hammata suke ɗauko shi ba leda. Shayinsu ɗan mitsitsi ne a kofin gilashi, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai an zauna an jira shi kamar ana jiran ango. Asibiti suke kira likita, likitan kuma lokotoro. Amma zan faɗi gaskiya, kwaɗon zogalensu ya fi namu, kuma ba su da rowar gaisuwa. Mutum zai tsaya ya tambayi gajiyarka da iyalinka da dabbobinka kafin ya gaya maka ka ɓata hanya.

Gidan Dakta yana bayan wani ƙauye, katangar ƙasa ce mai faɗi. A ƙofa an kafa allo an zana hanji da jan fenti, an zana ƙwaƙwalwa a samansa, an haɗa su da kibiya. Shi kansa Daktan gajere ne mai tumbi, ya ɗora farar rigar likitoci a kan kaftani, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya. Duk zamana a gidan ban ga ya ɗora abin nan a ƙirjin kowa ba. A kan teburinsa akwai na'urar duba ƙananan halittu, an rufe ta da kyallen saƙa irin na sa wa talabijin, ita ma ban ga an buɗe ta ba. Ya yi mana lacca a tsaye, abin da ke cikin waya dai ya maimaita har inda yake tari. Yaya yana gyaɗa kai yana "Ikon Allah."

Maza marasa lafiya suna wani dogon ɗaki, iyayensu maza a zaure, mu mata aka ba mu rumfar zana a bayan gida. A nan na haɗu da Hajiya Gambo, mai sayar da busasshen kifi daga Haɗeja, wadda ta kawo 'yarta mai shan kodin. Mace ce mai kirki, ta matsa mini tabarma ta ba ni kifi na sa a miyar Yaya. Na tambaye ta ko maganin yana yi.

Ta ce, "Yana yi mana, Hajiya. Ai ba zuwana na farko ba ne. Nan ne kaɗai yarinyar nan take barci kamar mutum. Idan za mu tafi sai ya ba mu garin kunu mu tafi da shi. Matsalar dai idan garin ya ƙare, sai halittun su sake tsirowa, sai mu dawo a sake wankewa."

Na ci gaba da juya miyata kawai, domin baƙuwa ce ni, kuma kifinta yana cikin tukunyata.

Tsarin gidan kashi biyu ne. Da safe wanki, da yamma kunu. Ni da na zo da niyyar yi wa Habibu ɗan tuwo mai laushi aka ce haramun, abincin waje yana ciyar da halittun. Da muka kwana, da hantsi aka jera su aka ba kowa ƙwarya cike da wani baƙin ruwa mai gishiri da warin sassaƙe, aka tsaya a kansu sai sun shanye. Ba a jima ba aka fara rige-rigen bayan gida. Kowane mara lafiya da nasa baho, kuma ba a zubarwa sai an kira dangi.

Wannan shi ne babban bikin gidan. Sai ka ga dattawa masu furfura, alhazan da ko kashin jikokinsu ba su taɓa kallo ba, sun yi da'ira sun sunkuya a kan baho, Dakta yana tonawa da tsinke. Aka kira mu. Ya nuna wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule ya ce, "Alhaji, ga su nan. Waɗannan su ne iyayen, ƙananan sai gobe." Mutumin da cikinsa ya yi kwanaki a bushe, aka ɗura masa ruwa baƙi ƙirin, me ake so ya fito, farar shinkafa? Amma Yaya har da ƙwalla. Ya ciro waya ya ɗauki hoto ya tura Aujara. Na tabbata wasunku sun gani, domin an ce har Garki hoton ya kai.

Habibu kuwa yana kwance a tabarma kamar tsumma, ga wankin ciki ga ciwon rashin ƙwaya, ƙafafunsa sai harbawa suke. Bayan la'asar aka kawo kunu a kofunan roba. Ya sha da ƙyar. Kafin a kira magariba rawar jikin ta tsaya, hamma ta ɗauke, gumin ya bushe. Ya tashi zaune har ya tambayi ko an yi waya da matarsa. Yaya ya yi sujada a tsakar gidan nan. Ni ma, kada in yi ƙarya, zuciyata ta yi sanyi, na ce ko dai ni ce mai taurin kai.

Washegari aka maimaita, wanki da safe, kallon baho, kunu da yamma, lafiya lau. A yammacin da ya biyo baya ina wanke tukunya a bayan rumfa sai ga Habibu ya lallaɓo ya tsuguna kusa da ni, kofin kunun a hannunsa bai taɓa ba.

Ya ce, "Gwaggo, akwai ƙwaya a cikin kunun nan."

Na ce, "Wace irin ƙwaya?"

"Tawa. Wadda nake sha. An daka ta an zuba, an rufe ɗacin da tsamiya da sukari. Tun ranar farko na gane. Ɗumin nan da yake tasowa daga ƙeya, da ɗan ƙaiƙayin hanci. Gwaggo, na fi sanin ta a kan muryar 'ya'yana. Wanda ya daina da gaske ba ya barci irin wanda nake yi a nan."

Na dube shi. Ku da kuke ce masa ɗan ƙwaya, ku tsaya ku yi tunani a nan. Ga mutum an kawo shi inda za a ba shi abin da ransa yake so kullum, a kofi, da bisimilla, uban da ya haife shi yana sa albarka, gari yana cewa ya shiryu. Da ya yi shiru babu mai zarginsa har abada. Amma ya zo ya faɗa. Ya tuntsurar da kunun a gindin zana, ya tashi da sauri ya bar wurin don kada ya ga inda ya zuba.

Na sami Yaya a zaure na ja shi gefe na gaya masa. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinmu.

Ya ce, "Maganar ɗan ƙwaya za ki kawo mini? Halittun ne suke magana da bakinsa, Dakta ya ce za su yi haka idan sun ji wuta. Ba ki ga abin da ya fito ba? Da idonki fa kika gani, Uwani."

Da safe aka sake ɗura wa Habibu baƙin ruwan, alhali bai sha kunun jiya ba, jikinsa ya riga ya koma gidan jiya. Kafin azahar ya yanke jiki ya faɗi a hanyar bayan gida, idanu suka kafe, jiki yana jijjiga. Sai ga Dakta mai farar riga ya rikice, yana cewa a fitar da shi, a fitar da shi, gidansa ba a mutuwa. Hajiya Gambo ce ta ruga ta samo mai amalanken shanu ya kai mu bakin hanya, daga nan muka sami mota zuwa asibitin babban garin da ke kusa.

A can aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Likitar mace ce, doguwa, ba ta da fara'a ko kaɗan, kuma ta bar mu a benci har ƙafata ta yi tsami kafin ta kira mu. Da ta ji daga inda muke ta yi tsaki, ta ce ba mu ne na farko da aka kwaso daga gidan nan ba. Yaya ya gyara zama ya ce ai Turawa ne suka gano ciwon a hanji yake. Na zaci za ta yi masa dariya, sai ta ajiye biro.

Ta ce, "Alhaji, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar take sayuwa. Kowane mutum yana da ƙananan halittu a hanjinsa, ba su ƙirguwa, ni da kai duka. Yawancinsu masu amfani ne, suna taya mu narka abinci, suna gyara bangon hanji. Irin ƙwayar da ɗanka yake sha tana sa hanji ya yi nauyi ya daina motsi, shi ya sa cikinsa yake bushewa. Idan aka daɗe, masu amfanin nan suna raguwa, marasa kirki su yi yawa, bangon hanjin ya yi rauni. Sai dattin da ya kamata ya tsaya a ciki ya dinga tsallakawa cikin jini. Sojojin jiki su tashi faɗa, har waɗanda suke gadin ƙwaƙwalwa su ma su harzuƙa. Wannan shi ake nufi da kumburin ƙwaƙwalwa. Ba kumburi ba ne irin na ƙurji da za ka gani ko ka matse."

Na ce, "To shi ne yake sa shi neman ƙwayar?"

Ta ce, "Masu bincike suna ganin yana da hannu. Mai yiwuwa yana cikin abin da yake sa ƙwaya ɗaya ta daina isa, yana kuma ƙara azabar dainawa. Amma yawancin abin da aka sani a jikin ɓeraye aka gani, a mutane ana kan dubawa. Kuma ko ya tabbata, ba shi kaɗai ba ne. Ƙwayar da kanta tana canza ƙwaƙwalwa, ga gajiyar da ta sa ya fara, ga abokai. Ba wanda ya isa ya ce muku yau yana da maganin shaye-shaye ta hanji. Wankin cikin nan kuwa nagari da mugu yake sharewa gaba ɗaya, ya bar hanjin a kwaile, ya zuƙe ruwan jiki. Da kun ƙara jinkiri da gawa za ku koma."

Game da kunun ta ce ba ta da abin gwada shi a nan, amma ta yarda da Habibu, domin duk wanda aka kawo mata daga gidan labarinsa ɗaya ne. Ta ce irin wannan ƙwaya ba a yanke ta rana ɗaya kamar yadda Yaya ya yi, a hankali ake janye mutum a ƙarƙashin idon likita. Mu koma gida mu kai shi asibiti, a ba shi abinci na mutane, wake da ganye da nono, a kuma yi haƙuri da shi, domin abin zai ɗauki lokaci kuma yana iya faɗuwa ya tashi.

Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse. Muna isa baranda Yaya ya juyo fuskarsa a washe ya ce, "Kin ji da kunnenki ko? Ita ma ta ce a hanji yake." Duk dogon bayanin nan, abin da ya shiga kunnensa ke nan. Sauran kuwa ya ce kishi ne irin na 'yan boko, kuma wace irin likita ce za ta haɗa ɗansa da ɓera.

Ranar da aka sallame mu ya ce mu jira shi a tasha zai je sallama. Ya dawo da ƙullin garin kunu a cikin jakarsa, an naɗe da baƙar leda, an ɗaure da zare. Dakta ya gaya masa faɗuwar da Habibu ya yi alama ce ta uwar halittun ta mutu, saura a ci gaba da kunu a gida kada su farfaɗo. Na yi magana a tasha, na yi a mota, na yi a Maigatari har mutane suka fara juyowa. Ya ce idan na ƙara zai sauke ni a Gumel in nemi motata. Habibu kuwa duk hanyar ya haɗa kai da gwiwa, jakar uban tana gogar ƙafarsa.

Da muka kai mararrabar da za su sauka su nufi Aujara, Habibu bai motsa ba. Ya ce, "Baba, zan raka Gwaggo Dutse, kayanta da nauyi." Tukunya ɗaya ce da ragowar kuka. Yaya ya ƙyale shi don idon mutane.

Washegari na kai shi asibiti a nan Dutse. Aka rubuta sunansa, gari bai tsage ba. Suka tsara masa yadda za a janye shi a hankali, suka sa masa ranakun dawowa. Na gyara masa ɗakin zaure, matarsa tana zuwa da yaran. Ba zan ce muku ya warke ba. Akwai ranakun da yake cin tuwo ya yi wasa da 'ya'yansa, akwai ranakun da yake kwana yana juyi, ya tashi yana jin haushin kowa har ni. Masu cewa an ciro masa abin, babu abin da aka ciro.

A Aujara kuwa Yaya ya riga ya yi sadakar godiya, ya nuna wa kowa hoton baho. Da ya ga yaro bai dawo ba, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi a gidana da fulas a hannu. Shi da kansa ya tsaya aka dama kunun Dakta, bai yarda kowa ya riƙe masa ba tun daga Aujara. Ban taɓa ganin Yaya ya ɗauko wa wani abinci ba sai ranar. Ya rame shi ma, kuma na san don son ɗansa ya yi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ya zauna a tabarma, aka gaisa. Ya buɗe fulas ya tsiyaya a murfin, ya yi bisimilla ya tofa, ya miƙa.

"Karɓi, Habibu. Shanye, Allah ya yi maka albarka."

Ƙamshin tsamiyar ya cika zauren. Habibu yana durƙushe a gabansa. Sai ya mayar da hannayensa biyu baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

Ya ce, "Baba, tunda nake ban taɓa mayar maka da hannu ba. Ka yafe mini. Ba zan sha ba."

"Ni nake ba ka."

"Na sani, Baba. Ka yafe mini."

Yaya ya daɗe da hannu a miƙe, har kunun ya fara zuba a yatsunsa. Sannan ya ajiye murfin a ƙasa tsakaninsu, ya tashi ya gyara riga. Bai dubi yaron ba, ni ya duba.

Ya ce, "Kin raba ni da ɗana, Uwani. Ki riƙe shi, na bar miki."

Ya sa takalmi ya fita, ya bar fulas ɗin da murfin a inda suke. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon bayansa, ina tunanin ko in bi shi in ba shi haƙuri, domin duk abin da ya yi yayana ne. Sai na ji muryar Habibu a bayana, ƙasa-ƙasa. Yana nan a durƙushe yadda yake, hannayensa a baya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, idonsa a kan murfin.

Ya ce, "Gwaggo, ki zo ki ɗauke. Ki yi sauri."